In An San Mai Ci, Me Ya Rage a Kalla?

A kakar 2023 an yi tseren motocin Formula 1 sau 22. Max Verstappen, ɗan ƙasar Holan mai tuƙa wa Red Bull, shi ya ci 19. Abokin aikinsa Sergio Perez ya ci biyu. Guda ɗayan da ya rage, na Singafo, shi kaɗai ya kuɓuce wa kamfanin, ya faɗa hannun Carlos Sainz na Ferrari. A tsakiyar shekarar Verstappen ya jera nasara goma ba wanda ya katse shi. Duk mai son ya ce wannan wasa ya zama abin gundura, hujjarsa ke nan a tafin hannu, ba sai ya yi dogon bayani ba.

A Matamaye masu bin wannan tsere ba su da yawa, kuma ba na jin za su yi fushi don na faɗa. Garin ƙwallo ne da kokowa. Tseren da ake yi a Turai yakan tashi da misalin ƙarfe biyu na rana agogonmu, ranar Lahadi, daidai lokacin da gidan kallo ke cika da masu jiran wasan Ingila. Mai gidan ya biya kuɗin Canal+, ya sayi man janareto, ba zai bar mutum arba'in a tsaye a ƙofa don mutum huɗu su kalli motoci ba. Sai huɗun su koma kan wayar salula, ko su lallaɓa gidan wani ma'aikaci mai nasa akwatin. Su ɗin ma kansu a rabe yake. Wasu sun ce wasan ya mutu, rakiyar amarya ce kawai: motoci masu tsada a jere, kowace na bin bayan ƴar'uwarta har a isa gida. Wasu kuma sun ce wanda bai iya kallo ba ne ke faɗin haka.

Gardamar ta cancanci a zauna mata, ko ga wanda bai taɓa ganin motar ba, domin irinta muke yi a kan kokowa duk lokacin da gwani ɗaya ya daɗe riƙe da takobi.

Masu ƙorafi ba a kan Verstappen kaɗai suka tsaya ba. Sukan ce a waiwaya. Mercedes ta riƙe kambun kamfanoni shekara takwas a jere, daga 2014 zuwa 2021, kuma a 2016 ta ci tsere 19 cikin 21. Kafin ita Sebastian Vettel da Red Bull sun yi shekara huɗu, ta ƙarshen ma, 2013, ya rufe ta da nasara tara a jere. Kafin shi Michael Schumacher da Ferrari sun yi biyar, daga 2000 zuwa 2004. A 2002 tun watan Yuli ya gama lashe gasar, ana saura tsere shida. Kusan duk wanda ya fara kallo a wannan ƙarnin, mulkin wani ya tarar, wannan ya sauka wancan ya hau.

Sun kuma san inda gizo ke saƙar. A ƙwallo, ƙwallo ɗaya kowa ke bugawa. A nan kuwa kowane kamfani shi ke ƙera motarsa, a masana'antarsa: Ferrari a Maranello ta Italiya, Red Bull a Milton Keynes, Mercedes a Brackley, McLaren a Woking, ukun nan duk a Ingila. In injiniyoyin wani kamfani suka samo dabarar da ta ba motarsu fifikon rabin daƙiƙa a kowane zagaye, to a tseren zagaye sittin rabin minti ke nan. Direban da ke baya ko ya tuƙa kamar aljani ba zai cike wannan giɓi ba. An ci tseren tun cikin hunturu, a ɗakin da babu ɗan kallo ko ɗaya. Ranar Lahadi sanarwa kawai ake fitowa yi.

Sai batun iska, wanda shi ne ciwon da ya fi daɗewa. Motar Formula 1 tana da fikafikai gaba da baya, amma aikinsu kishiyar na jirgin sama ne: iska ce ke danne motar a ƙasa don ta sha kwana da gudun da ba zai yiwu ga wata mota ba. Motar da ke gaba tana keta iska mai kyau, ta bar wa ta baya hargitsattsiya. Ta bayan sai ta rasa abin da ke danne ta, ta fara zamewa a kwana, tayoyinta su ɗau zafi su cinye. Direba ya matso, ya matso, har ya ga kamar zai kai hannu, sai muryar injiniya ta shigo masa a kunne: ja baya kaɗan, lallaɓa taya. Wannan kalma ta lallaɓa taya ita ce ta fi ƙona wa masu ƙorafi rai. Mutum ya zauna kallon motar da ta fi kowace gudu a filin tsere, ya ji ana roƙon direbanta ya rage gudu. Tun da aka hana shan mai a tsakiyar tsere a 2010, mota da tanki cike take tashi, da nauyinta, direba na tattalin mai yana tattalin taya. Motocin kuma sun yi ƙiba. A 2009 mafi ƙarancin nauyin da doka ta yarda da shi kilo 605 ne. A 2025 ya kai 800, faɗin kuwa mita biyu.

Wanda yake son ganin ƙarshen abin ya kalli Monako ta 2024. Titunan cikin gari ne, matsattsu, waɗanda aka fara tsere a kansu tun 1929 da motocin da ba su kai na yau jiki ba. An yi karo a zagayen farko, aka tsayar da tseren, kowa ya canza taya a lokacin, dokar canjin taya ta cika. Daga nan babu wanda ke da dalilin sake tsayawa, babu kuma inda za a wuce. Motoci goman farko yadda suka tashi haka suka iso, na ɗaya na ɗaya, na goma na goma. Charles Leclerc ya ci a garinsu, ya yi kukan murna, ya kuma cancanta. Amma mai kallo ya ba da fiye da awa biyu na ranarsa don a maimaita masa sakamakon gwajin gudun ranar Asabar, wanda ke tsara jerin tashi. Da shekara ta zagayo aka tilasta tsayawa sau biyu a can, sai wasu kamfanoni suka sa direba ɗaya ya riƙa jan ƙafa da gangan yana tare na baya, don abokinsa ya samu tazarar shiga canjin taya. Magani ya zo da tasa cutar.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: motocin sun daina lalacewa. A da, mai jan gaba yana iya ganin hayaƙi ya turnuƙe bayansa saura zagaye uku. A Monako ta 1996 motoci uku ne kacal suka kai ƙarshe suna tafiya, Bafaranshe Olivier Panis ya ci daga matsayi na 14. Yanzu inji ɗaya sai ya yi tsere da yawa bai yi tari ba. Abin yabo ne ga maƙera, amma ya toshe wata babbar ƙofar da mamaki ke shigowa ta cikinta.

Masu kare wasan ba su musa ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma ba. Abin da suke musu shi ne kalmar "ya zama". Yaushe ne bai kasance haka ba? A shekarar farko ta gasar, 1950, Alfa Romeo ce ta cinye duk tseren da aka yi a Turai. A 1968 Jackie Stewart ya ci tseren Jamus da tazarar minti huɗu. A 1988, zamanin da tsofaffin masoya ke ambata da shauƙi, McLaren ta ci 15 cikin 16, ɗayan ma ta rasa shi ne don direbanta Ayrton Senna ya yi karo da wata motar da yake ƙoƙarin zagayewa, saura zagaye biyu a tashi a Monza. A 1995 Damon Hill ya ci a Ostireliya yana gaban na biyu da zagaye biyu cur. Abin da mutane ke tunawa na da, in ji su, gajerun hotuna ne da aka tsince aka haɗa; sauran sa'o'in da ba abin da ya faru an manta da su. Yau kuwa tazarar ta matse ƙwarai. A cikin 2023 ɗin nan da ake kuka da ita, a zagayen farko na gwajin gudu a Ostiriya, tsakanin mota ta ɗaya da ta ashirin bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

A wannan gaɓar gaskiya tana wurinsu, ban ga yadda za a ƙwace ta ba. Jiya ba ta fi yau ba.

Sukan ƙara da cewa mai ƙorafi shekara ɗaya ya tsinta ya yi shiru a kan maƙwabtanta. A 2021 Lewis Hamilton da Verstappen sun isa tseren ƙarshe a Abu Dabi da maki iri ɗaya, 369.5 kowannensu. A 2024 direbobi bakwai daga kamfanoni huɗu suka ci tsere, kowane fiye da sau ɗaya, McLaren kuma ta karɓi kambun kamfanoni karo na farko tun 1998. A Birazil, cikin ruwan sama, Verstappen ya tashi daga matsayi na 17 ya ci, ranar da ko maƙiyinsa bai ce mota ce ta yi masa aiki ba. A 2025 mutum uku suka je tseren ƙarshe kowa da damarsa, Lando Norris ya zama zakara da ratar maki biyu. A shekarar ne kuma Nico Hülkenberg, bayan ya shiga tsere fiye da ɗari biyu da talatin bai taɓa zuwa cikin ukun farko ba, ya zo na uku a Silverstone cikin ruwa, garejin kamfaninsa ya kaure da ihu kamar su suka ci gasar.

Hujjarsu ta uku ta fi sauran zurfi: wai tseren ba a gaban layi kaɗai yake ba. Wani bakanike da ke gyaran motocin haya a bakin hanyar Dan Barto, ɗan ƴar'uwarsa ya miƙa masa waya yana cikin wanke hannu da kalanzir.

"Kawu, duba nan. Taya huɗu, daƙiƙa biyu."

Ya kalla, bai ga komai ba, motar ta riga ta tafi. "Mayar min da shi baya, ɗana. A hankali."

Aka mayar. Ya sa yatsa mai baƙin mai a kan gilashin yana ƙirga mutane: uku a kowace ƙafa, ɗaya da bindigar kwance noti, ɗaya mai zare tsohuwar taya, ɗaya mai cusa sabuwa, ga mai jak a gaba, ga wani a baya.

"Noti ɗaya ne a kowace ƙafa?"

"Ɗaya ne, Kawu."

"To ranar da ya ƙi fita fa?"

Ya ƙi fita kuwa. A Monako ta 2021 Valtteri Bottas yana na biyu ya shiga canjin taya, bindiga ta cinye haƙoran notin, taya ta ƙi fita, tserensa ya ƙare a nan. Sai da aka mayar da motar masana'anta a Ingila kafin a raba su. Bakaniken bai san sunan direba ko ɗaya ba, bai kuma tambayi wanda ya ci ba, amma ya sa an sake mayar masa da hoton yana girgiza kai. McLaren ta taɓa yin wannan aiki cikin daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023. Masu kare wasan suna cewa irin wannan ne abin kallo: wa zai fara shiga canjin taya don ya fito da sabuwa ya sha gaban abokin hamayya ba tare da sun haɗu a hanya ba, wa zai yi haƙuri da tsohuwa, wa zai yi caca da hadarin da ke tasowa. Wanda ya iya karanta wannan, ko a ranar da na gaba ya tsere, yana da faɗan na shida da na bakwai.

Na yarda da rabin wannan. Rabin da ban yarda da shi ba shi ne, akasarin wannan dara a kan alƙaluma take gudana, tazarar daƙiƙoƙi da shekarun taya, waɗanda mai kallo a Turai ke bi a allo na biyu a kan cinyarsa. Saurayin da ke kallo a kan fuskar waya tsagaggiya, kuɗin intanet na zurarewa, mai sharhi na zuba Faransanci kamar ana korarsa, ba shi da allo na biyu. In ka ce masa bai iya kallo ba ne, ka faɗi gaskiya, amma ba ka amsa ƙorafinsa ba. Haka nan hujjar cewa masu kallo sun ƙaru tun da kamfanin Liberty Media na Amurka ya sayi harkar a 2017, Netflix ta fara shirinta a kan direbobin a 2019, Amurka ta koma karɓar tsere uku a shekara. Shirin Netflix yankewa ake yi a jera, a sa kiɗa, a cire sa'o'in da ba komai. Cikar kasuwa ba ta nuna cewa awa biyun Lahadi sun yi daɗi.

Akwai wani reshe na masu ƙorafi da ba zan bi su ba ko taki ɗaya: masu cewa daɗin ya tafi ne tun da aka daina mutuwa. Senna ya rasu a Imola ranar 1 ga Mayu 1994, kwana ɗaya bayan Roland Ratzenberger a wuri guda. Jules Bianchi ya yi haɗari a Japan a 2014, ya cika a shekara mai biye. Ƙarfen kare kai da aka ɗora wa motocin a 2018, wanda aka yi ta zagi wai ya ɓata musu kyau, shi ya sa Romain Grosjean ya fito da ƙafafunsa daga cikin wuta a Baharen a 2020, motar ta rabe biyu. Mu da muke binne matasanmu saboda gudun babur a kan kwalta, ba mu ne za mu nemi a ƙara wa wani haɗari don mu ji daɗin yammacin Lahadi ba.

To a koma fagen da muka fi sani. Gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, jahohi takwas ne ke turo ƴan kokowa goma-goma, mutum 80. Kadri Abdu, wanda kowa ya sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobin har sau shida, abin da wani bai taɓa yi ba. A shekarun da yake kan ganiyarsa an ji masu cewa kokowa ta lalace, tun ba a buga ganga ba an san mai takobi. Amma ban ga ranar da aka kashe rediyo a majalisar masu shayi don Isaka zai shiga fili ba. Lokacin ne ma ake cewa yara su yi shiru. Dalili shi ne dokar takobi ba ta da tausayi: kaye ɗaya ya fitar da kai daga neman takobi, sai baɗi in da rai. Komai ƙarfin gwani, duk karon da ya shiga, shekararsa gaba ɗaya ya ajiye a kan yashi. Santsin ƙafa ɗaya, ko wani yaro daga Difa da ba a san sunansa ba ya samu kamun da ya dace, shi ke nan. Masu son gwani suna kallo da fargaba, masu ƙinsa suna kallo da fata, babu mai tashi ya je shan ruwa. Sannan duk abin da zai raba gardama a cikin da'irar yake, a gaban ido. Hatta asirin ma a bainar jama'a ake ɗaura shi, layu da guraye da ruwan rubutu a gora.

A gwada da Verstappen na 2023. An kayar da shi a Singafo, ya zo na biyar. Me ya biyo baya? Bayan mako ɗaya ya ci a Japan, ya kammala lashe gasar a Katar a watan Oktoba ana saura tsere biyar, ya rufe shekara da maki 575, na biye da shi yana da 285. Kayen bai ci masa komai ba. Daga 2024 kuma da tseren ya kai 24 a shekara, har da gajerun tseren Asabar da aka ƙaro tun 2021, nauyin kowace Lahadi ya ƙara raguwa.

A nan nake tsaye. Daɗewar gwani a kan mulki ba ita ke gundurar mai kallo ba. Abin da ke gundurarsa shi ne gwanin da ba ya cikin haɗarin faɗuwa a gaban idonsa. Shi ya sa 1988 ba ta gunduri kowa ba duk da 15 cikin 16: Senna da Alain Prost mota iri ɗaya suke tuƙawa, ba sa ga maciji, kowane yana iya kayar da ɗan'uwansa. Shi ya sa 2016 ta riƙe mutane har ranar ƙarshe, Nico Rosberg ya ƙwace kambu daga hannun abokin aikinsa Hamilton da maki biyar, ya yi ritaya bayan ƴan kwanaki. Abin da ya kashe 2023 ba ƙarfin Red Bull kaɗai ba ne. Kujera ta biyu ce babu mai ja da ta farko. Mafi muni kuma shi ne ranar da kamfani da kansa ya hana karon. A Ostiriya a 2002 Rubens Barrichello ya ja gaba tun daga farko, aka umarce shi ya ba abokin aikinsa Schumacher hanya, ya taka birki a ƴan mitocin ƙarshe, jama'a suka yi musu ihu a kan dandamali. Duk wanda ya taɓa jin ana raɗe-raɗin an sayar da kaye a filin kokowa ya san irin ɗacin da ƴan kallon suka ji.

Hukumar FIA mai kula da wasan da masu harkar sun daɗe suna neman magani, kuma magungunan iri biyu ne. Akwai na shafawa a sama. A 2011 aka kawo DRS: in kana bin mota da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, a wasu miƙaƙƙun wurare kana iya buɗe fiffiken baya ka ƙara gudu, na gaba kuwa ba shi da izini. Yawan wucewa ya ƙaru, ba shakka. Amma wucewar da na gaba ba shi da ikon karewa ba karo ba ce, kuma in motar da ta fi gudu ta makale a baya, DRS ce ke buɗe mata hanya ta koma gaba cikin sauƙi, wato abin da aka kawo don mamaki shi ke saurin mayar da kowa gurbinsa. A shekarar ne kuma aka nemi kamfanin taya na Pirelli ya ƙera tayoyi masu saurin cinyewa da gangan, daga nan lallaɓa taya ta samu gindin zama. Inda neman armashi ya kai maƙura shi ne daren Abu Dabi na 2021. An yi haɗari saura ƴan zagaye, motar kiyaye haɗari ta fito, mai kula da tseren, Michael Masi, ya bar motoci biyar ɗin da ke tsakanin Hamilton da Verstappen kaɗai suka wuce, ya saki tseren saura zagaye ɗaya, Verstappen da sabuwar taya ya sha gaba. Babu wanda ya yi hamma a daren nan. Amma hukumar da kanta ta ce an yi kuskure, ta kuma cire Masi daga muƙamin. In zaɓi ya tsaya tsakanin tsere mai sanyi da alƙalin da ke lanƙwasa doka don a yi tafi, ni na ɗauki mai sanyin.

Maganin da ya shiga jiki shi ne na kuɗi, wanda ba a ganinsa a talabijin. Daga 2021 aka ƙayyade abin da kamfani zai kashe a shekara, dalar Amurka miliyan 145, daga baya aka rage, alhali manya a da sukan kashe fiye da ninki biyu na haka. Aka kuma tsara cewa wanda ya zo na ɗaya shi zai samu mafi ƙarancin lokacin gwada motarsa a ɗakin gwajin iska, na ƙarshe ya samu mafi yawa. Da Red Bull ta ɗan zarce iyaka a shekarar farko, an ci ta tarar dala miliyan 7, aka kuma yanke mata kashi goma cikin ɗari na lokacin gwajin. Abin bai yi aiki dare ɗaya ba, 2023 shaida ce. Amma McLaren da ta fara kakar 2023 ba ta samu ko maki ɗaya a tsere biyun farko ba, ita ce zakara a ƙarshen 2024.

Wani ɓangare na gundurar tamu kuma ba laifin motocin ba ne. Ba mu da kowa a ciki. Rabon Afirka da wannan tsere tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993. Maroko sau ɗaya ta karɓa a cikin gasar, a 1958. Hamilton ya sha cewa bai kamata a ci gaba da tsallake nahiyar ba, shugaban Ruwanda Paul Kagame kuma ya bayyana neman karɓar tsere a Kigali a Disamban 2024. Tseren motar da Nijar ta sani da idonta shi ne Paris-Dakar, wanda tun fitowarsa ta farko a 1979 ya bi ta Agadas da Yamai, daga baya ya riƙa keta Tenere, ya bar ƙura da labarai, ya kuma bar gawarwakin mutanen ƙauye a wasu ƙasashen da ya ratsa. A 2000 aka kwashe motocin a jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar tsaro, daga 2009 kuma ya bar Afirka. Wanda ɗan jaharsu ke cikin fili ba ya ƙosawa ko karon ya yi sanyi. Wanda ba shi da kowa, wasan ne kaɗai zai riƙe shi, don haka ya fi saurin ganin aibinsa.

Abin da ke ba ni tsoro game da gaba yana cikin tarihin dokokin. Duk sanda aka yi babban sauyi, kamfani ɗaya ne ke riga kowa gane bakin zaren: Brawn a 2009, Mercedes da sababbin injina masu haɗin lantarki a 2014, Red Bull a 2022. Sauran sukan ɗauki shekaru suna kwaikwayo kafin su cim masa, kuma shekarun da suka fi daɗin kallo, 2021 da 2024 da 2025, duk a ƙarshen zangon doka suka zo, lokacin da kowa ya gama koyon darasin. A daidai wannan lokacin ne hukuma ke yage littafin ta rubuta sabo. Dokokin da aka tsara wa 2026 sun rage wa mota nauyi da faɗi, sun soke DRS, sun mayar da kusan rabin ƙarfin inji na lantarki, ga Audi da Cadillac sun shigo. A takarda duk abin so ne. Amma in aka bi abin da ya faru sau uku a baya, akwai yiwuwar wani kamfani ya sake tserewa shi kaɗai na shekara biyu ko uku, kuma masu ƙorafin Matamaye za su samu sababbin alƙaluman da za su kafa hujja da su.